Yadda Za Ka Jingina Sabar Biyu da Rumbu Ɗaya Ka Burge Surukinka

Kai da ka auri 'yar mai shagon hoto, kuma har yau surukinka bai gane takamaiman abin da kake yi da kwamfuta ba, matso kusa. Na yi maka alkawari, idan ka bi matakan nan bi da bi, kafin wata ya ƙare dattijon nan da bakinsa zai kira ka Injiniya a gaban mutane. Ba a taɓa bin hanyar nan aka tashi babu sakamako ba. Wane irin sakamako, za mu zo wurin.

Ga abin da ke gabanka. Baba, wato surukinka, yana da sabar guda a ɗakin baya na shagon. Sabar ita ce babbar kwamfutar da ke riƙe da duk hotunan da ya ɗauka tun gashinsa na baƙi, sauran kwamfutocin shagon kuma wajenta suke ɗiba suna mayarwa. Ta tsufa, tana gurnani, kuma Baba ya fi tausayinta a kan gwiwarsa. Ba don kwastomomi kaɗai ba. A cikinta akwai hoton marigayiya, mahaifiyar matarka, matar da ta yi zaman aure da mai hoto amma ta tsani kamara. Sau ɗaya tak ya kama ta tana dariya. Fim ɗin kamarar tuni damshi ya cinye shi, sai kwafin da ke kwamfuta. Matarka ta daɗe tana roƙo a wanke mata babba ta rataye a falo, kullum Baba sai ya ce sai an samu takarda mai kyau. Takarda kuwa ga ta nan ta cika kantar shagon. Shi ne dai ba ya iya daɗewa yana kallon hoton.

To, filin wasanka ke nan. Naɗe hannun riga.

Mataki na 1: Fara tayar masa da hankali

Mutumin da hankalinsa ke kwance ba ya neman Injiniya, saboda haka aikinka na farko shi ne ka hana shi kwanciya. Jira ranar da sabar ta yi tari ta ɗauke ana tsakar aiki, masu hoton fasfo sun yi layi har bakin ƙofa, Baba ya durƙusa yana yi mata fifita da kwali. Shigo a natse, ka gaishe shi, ka tsaya kana kallon na'urar kana girgiza kai a hankali. Kada ka ce uffan. A sana'armu girgiza kai ya fi takardar shaida aiki.

"Lafiya kake kaɗa kai?" Baba zai tambaya.

"A'a, ba komai, Baba. Tunani dai nake. Ranar da ta kwanta ba ta tashi ba, ina za ku sa kanku?"

Zai ajiye kwalin. Ka samu shiga ke nan. Gaya masa manyan wurare ba sa dogara da sabar ɗaya, biyu suke ajiyewa. Ɗaya na aiki, ɗaya na zaune tana jira, da ta farkon ta faɗi sai ta biyun ta karɓa kafin kwastoma ya ƙifta ido. Idan ya ce, "Kai ka iya haɗa irin wannan?" yi 'yar dariya ta hanci ka kalli rufi. Kada ka ce e. E ana iya kafa ka da ita gobe, dariya kuwa ba wanda zai kai ta gaban shaidu.

Mataki na 2: Samo ta biyu

Nufi wajen masu sayar da kayan ofis na gwanjo, ka zaɓi wadda ta fi yawan fitilu. Abin da ke cikinta ba ruwanka, ba a taɓa yin surukin da ya leƙa cikin sabar ba. Ɗauko ta a bayan mota, ka sa Mai Kamara ya kama maka gefe ɗaya. Mai Kamara shi ne dattijon da ke ɗaukar hoto a shagon tun matarka na rarrafe, kuma a wajensa duk abin da ke kunna fitila ci gaba ne. Riƙe shi da kyau, shi zai yi maka shela kyauta har ƙarshen titi.

Raɗa musu suna, don na'ura mai suna ta fi kwarjini. Ta Baba ita ce Tsohuwa, baƙuwar kuma 'Yar Gwanjo. Ɗora su a kanta ɗaya, ka jona su a soket ɗaya, wanda firij ɗin ruwan sanyi ke ciki. Idan zuciyarka ta raɗa maka cewa sabar biyu a soket ɗaya ba dabara ba ce, tuna mata cewa ɗaya soket ɗin yana bayan kabad, kabad ɗin kuma na ƙarfe ne, kai kuma rigarka fara ce.

Mataki na 3: Rumbu ɗaya, gaisuwa ɗaya

Nan ainihin gwanintar take. Sabar biyu ba su da amfani idan kowacce na riƙe da nata hotunan daban. Don haka kwashe faya-fayan ajiyar da ke cikin Tsohuwa ka jera su a akwatin ƙarfe guda, mu kira shi rumbu. Ja waya daga rumbun zuwa Tsohuwa, ka ja wata zuwa 'Yar Gwanjo. Yanzu su biyun hotuna iri ɗaya suke gani. Ja da baya ka kalli aikinka. Ka sa a ɗauke ka hoto ma a gabansu, ai a inda ake yi kake.

Doka ɗaya ce a wannan harka. Su biyun na iya ganin rumbun, amma ɗaya ce kawai ke da izinin rubutu a ciki a lokaci guda. Idan suka sa hannu tare, kamar masu aski biyu ne a kan kai ɗaya, kuma kowannensu ido a rufe. Shi ya sa akwai wata 'yar siririyar waya, shuɗiya, da za ka haɗa tsakaninsu. Ta nan suke gaisawa ba hutu. 'Yar Gwanjo ta ce, "Kina nan?" Tsohuwa ta ce, "Ina nan." Muddin amsa na zuwa, 'Yar Gwanjo na zaune ta naɗe hannu. Ranar da ta ji shiru, sai ta ce Allah ya jiƙan Tsohuwa, ta shiga rumbu ta kama aiki.

Yi wa Baba wannan bayani da murya biyu, ta Tsohuwa ka sa mata 'yar rawa. Zai yi dariya har ya cire tabarau ya share ido. Kai kuma a nan ne kanka zai fara kumbura, ka bar shi ya kumbura, haƙƙinka ne.

Mataki na 4: Tsallake jan rubutu

A takardar bayanin da ka sauke daga intanet akwai wani dogon sashe da jan rubutu, a kan abin da suke kira shinge. Wai kafin 'Yar Gwanjo ta taɓa rumbu, sai ta fara kashe wa Tsohuwa wuta da kanta, ta tabbatar da gaske ta kwanta, don ba kowane shiru ne mutuwa ba. Wai kuma sai an nemo wani soket na musamman mai karɓar umarni.

Tsallake. Sashen ya yi tsawo, jan rubutu kuma don matsorata ake yin sa. Ban da haka ma, wace irin tarbiyya ce baƙuwa ta zo jiya-jiya a ba ta ikon kashe wa mutane wuta? Inda aka tambaye ka ko a kunna shinge, danna a'a. Na'urar za ta sake tambaya ko ka tabbata. Kwamfuta ba ta da aiki sai tambaya, danna mata ta yi shiru.

Mataki na 5: Faifan aljihun tebur

Za ka lura rumbun na da gurbi guda babu komai a ciki, kuma gurbin nan zai yi ta tsone maka ido. A aljihun teburin Baba kuwa akwai wani faifai naɗe cikin tsohon hankici. Duk ƙarshen mako yake kwafe komai a kansa, ya mayar ya kulle. Tsohon yayi ke nan, na mutanen da Allah bai ba su suruki irinka ba.

"Baba, wannan fa?"

"Ajiyata ce. Ko da wani abu zai faru."

"Ai abin da zai faru mun riga mun tare shi a hanya. Sabar biyu gare ku yanzu, me za ku yi da wannan? Ku kawo a ƙara wa rumbu fili."

Zai juya faifan a hannu. "Na uwarsu yana ciki fa."

"Yana rumbu, Baba. Na'ura biyu ke gadinsa."

Zai miƙo maka. Goge duk abin da ke cikinsa tas, ka zura a gurbin har ka ji ya ce ƙas. Fitila ta ƙaru guda, kira Mai Kamara ya zo ya gani.

Da ka koma gida matarka za ta tare ka da tambaya tana ninke kaya. "Na ji an ce sabar ta zama biyu. Hoton Mama ma ya zama biyu ke nan?" Ka ce mata abin ya fi haka zurfi. Idan ta ce to yi mata bayani, ka ce yau ka sha aiki, ka tambaya ko akwai ruwan zafi. Ko kusa kada ka yarda ka fara ƙirga a gabanta. Ƙirga ba ta taɓa taimakon ƙwararre ba.

Mataki na 6: Gwaji a gaban jama'a

Aikin da aka yi a ɗakin baya ba mai yaba shi, sai ka fito da shi fili. Tara mutane: Baba, Mai Kamara, telan da ke maƙwabtaka da shagon, da duk kwastoman da ke jiran hotonsa. Sa a buɗe hoton wata jaririya a kwamfutar gaba. Gyara murya ka sanar cewa yanzun nan za ka kashe Tsohuwa a kan idonsu, kuma jaririyar nan ko gezau ba za ta yi ba.

A nan za ka ci karo da 'yar matsala. Da ka kai yatsa kan maɓallin Tsohuwa, Baba zai cafke maka hannu. "Kada ka kashe ta! In ta kwanta sai an yi ta lallashi kafin ta tashi." Ka juya wajen soket, ka tuna idan ka zare shi su biyun za su mutu har da firij. Ga idanu a kanka. Kada ka daburce. Sunkuya ka zare shuɗiyar wayar nan ta gaisuwa, ka ɗaga ta sama kowa ya gani.

"Jama'a, a wajen 'Yar Gwanjo, Tsohuwa ta rasu!"

Fitilun 'Yar Gwanjo za su hau rawa, fankarta ta ɗauki kuka, ta karɓi rumbu. Jaririya na nan a allo tana murmushi. Mai Kamara zai cire hula ya buga a gwiwa. "Wallahi ko ƙiftawa ba ta yi ba! Maigida, ka ga abin da nake faɗa maka?" Tela zai nemi lambar wayarka, wai shi ma kekensa biyu, ko za a iya haɗa masa su haka. Baba kuma zai dafa kafaɗarka ya ce, "Sannu, Injiniya."

Ka ji ko? Ka ji da kunnenka? Daɗin da zai rufe ka a wannan lokaci, ko ranar da aka ba ka 'yarsa ba ka ji irinsa ba, kuma ba laifi idan ƙwalla ta ɗan taru.

Kada dai ka waiwaya ka kalli Tsohuwa. Tana nan da ranta, fitilarta koriya shar. Ita ma ta kira 'Yar Gwanjo ta ji shiru, ta yi mata addu'a, ta ci gaba da rubutu a rumbu kamar kullum.

Mataki na 7: Manta da wayar

Ajiye shuɗiyar wayar a kan firij ka tafi shan lemon da tela ya saya. Kafin ka dawo Mai Kamara ya gan ta, firinta kuma, wato na'urar buga hoto, ta daɗe tana neman waya mai tsawon nan. Ba sata ya yi ba, gyara ya yi, ya ga kai ma haka kake yi.

Yanzu shagon na da ma'aikata biyu masu ƙwazo, kowacce na ganin ita kaɗai ta rage a duniya. Kwamfutar gaba na kai wa Tsohuwa hotuna, ta ɗakin ɗaukar hoto na kai wa 'Yar Gwanjo. Tsohuwa ta ga fili a rumbu ta ajiye hoton wani ango. 'Yar Gwanjo ta dubi wannan filin dai, a nata sanin babu kowa a ciki, ta ɗora hoton ɗan makaranta a kai. Babu faɗa, babu ƙorafi, fitilu duk koraye. Mai Kamara ma zai rantse aiki ya ƙara sauri.

Baba kuwa, tunda hankalinsa ya kwanta, zai yi abin da ya gagare shi shekara da shekaru. Zai buɗe hoton marigayiya, ya zauna yana goge 'yan ɗige-ɗigen da damshi ya bari, ya adana gyaran a kan na asali. Mai sabar biyu ba ya tsoron komai, kai ka gaya masa. Sannan ya kira matarka a waya ya ce, "Nemo firam, ranar hutu ki zo mu wanke."

Matarka za ta yi tsalle a tsakar falo kamar ƙaramar yarinya. Za ta sauke agogon bango don a samu wuri, ta zuba maka abinci har ya yi tozo, ta kira 'yan'uwanta ɗaya bayan ɗaya tana ba su labarin mijinta. Kishingiɗa ka saurara. In da hali ka ce ta sa wayar a lasifika.

Mataki na 8: Tanadi amsoshi

Ƙorafi zai fara da kaɗan-kaɗan. Wata mata za ta zo karɓar hoton bikinta, a buɗe sunanta, wani mai gemu ya bayyana yana harara, hoton lasin tuƙi. Ka ce na'urorin ne ke ƙoƙarin fahimtar juna. Wani zai zo neman hoton iyalinsa, a tarar kawunan kowa lafiya lau, daga wuya zuwa ƙasa kuwa ruwan toka. Ka ce sabon salo ne, ka kalli Mai Kamara, zai ce shi ma ya taɓa gani a wata mujalla. Fayil ɗin ɗaliban da suka kammala karatu zai ɓace da safe, ya dawo da rana cike da kujerun da kafinta ya kawo a ɗauka don talla. Wannan kam ba shi da amsa, ka yi kamar ana kiran ka a waya.

Idan Baba ya ce, "Injiniya, anya lafiya kuwa?" ka ce, "Baba, ku dubi fitilun." Koraye ne. Ba ƙarya ka yi ba.

Sai ka lallaɓa ɗakin baya don ka gano bakin zaren. Za ka ga gurbin shuɗiyar waya a buɗe, ka bi sawunta har bayan firinta. Fizge ta a guje ka mayar. 'Yar Gwanjo za ta ce, "Kina nan?" Tsohuwa ta ce, "Ina nan mana. Au, ke ma kina nan?" Daga nan allo zai cika da jan rubutu, dangin wanda ka tsallake, sai dai wannan karon babu inda za ka danna a'a.

Kada ka faɗa wa kowa. Rumbun ai babba ne, wataƙila abin bai kai ga na marigayiya ba. Kada kuma ka buɗe ka duba, muddin ba ka duba ba yana nan lafiya.

Mataki na 9: Tsaya kusa da ƙofa

Ranar hutu matarka za ta zo da firam a hammata, ta ci ado, tana tsokanar Mai Kamara cewa yau shi ɗan kallo ne. Baba zai fito da takardar nan mai kyau, ya goge tabarau, ya zauna gaban allo. Kai zaɓi wuri kusa da ƙofa.

Hoton zai fara sauka daga sama. Labule, ɗankwali, goshi, gira, idanu. Sai ya tsaya cak. Daga ƙarƙashin ido zuwa ƙasa ruwan toka ne, shafe kamar bangon da aka yi wa siminti.

"Yana zuwa," in ji Mai Kamara. "Wani lokaci sai a hankali."

Ba ya zuwa. Baba zai rufe ya sake buɗewa, ya kuma rufewa ya buɗe.

"Baba, ɗauko na aljihun tebur mana," matarka za ta ce.

Baba ba zai kalle ka ba, kuma da ya kalle ka da abin ya fi sauƙi. A hankali zai ce, "Yana cikin rumbu."

Matarka ce za ta juyo. A nan ba ni da amsar da zan ba ka, na zazzage duk abin da na sani ban samu ba. Kunyar da za ta rufe ka ta gaske ce, baƙin cikin da ke fuskarta ma na gaske ne. Ƙofar na bayanka, amma kada ka bi ta.

Mataki na 10: Riƙe takarda

Baba zai daɗe yana kallon allon, wannan karon bai kau da kai ba. Zai jawo kujera, ya ƙara girman idanun har su cika allo. Gefensu a tattare yake, na hagun ya kusa rufewa.

"Dariya take yi," zai ce. "Dubi idon. Na tuna abin da na faɗa mata ranar."

"Bakin fa, Baba?" matarka za ta tambaya.

"Irin naki ne sak. Ranar da kike son gani, ki tsaya gaban madubi ki yi dariya."

Ba za ta yi dariya ba, ba yau ba. Baba zai danna maɓalli, firinta ta fara jan takardar da aka daɗe ana wa tanadi. Ba tare da ya juyo ba zai ce, "Zo ka riƙe mata gefe, kada ta karkace." Je ka riƙe da hannu biyu. Idanun za su fito da wuri. Ruwan tokar ne zai ɗau lokaci, don shi ya fi yawa, kuma dole ka tsaya har ya gama fita.

Sanarwa

Mai wannan jagora ba shi da alhakin amaryar da ta koma mai gemu, ko ɗaliban da suka koma kujeru, kuma ba ya ɗaga kiran tela. Ban san surukinka ba, ban taɓa taka shagon ba, shuɗiyar wayar nan ko launinta ban sani ba. Duk wanda ya bi matakan nan da ƙafarsa ya bi. Idan kuma kun koma gida matarka ta miƙo maka guduma da ƙusa, ta wuce wurin da ta sauke agogo, ta nuna bangon da ke fuskantar kujerar da kake zama kullum ta ce, "Nan," wannan tsakaninku ne, ba ni na jera kujerun ba. Ka dai buga ƙusar ta shiga sosai, don hoton ba saukowa zai yi ba.